Mai ciyar da mawaƙi da mai ɗaure shi: yadda waƙar faɗa wa masu mulki gaskiya ke aiki a ƙasar Hausa

Duk lokacin da tsadar abinci ta kai wa mutane iya wuya, ko 'yan bindiga suka tashi wani ƙauye a Zamfara ko Katsina, sai ka ji ana tambayar ina mawaƙanmu da 'yan fim suka shiga, me ya sa suka yi gum. Masu wannan tambaya sun ɗauka cewa rashin zuciya ne kawai. Zuciya tana da nata rabon, amma wanda ya bi tarihin waƙa a ƙasar Hausa zai ga cewa abin da ya fi yanke wa mawaƙi iyakar bakinsa shi ne inda tuwonsa ke fitowa, sai hanyar da waƙarsa ke bi kafin ta isa kunnen jama'a, sai kuma irin takardar da hukuma za ta iya kama shi da ita.

A fara da makaɗan fada, domin su ne suka fi kowa gwanintar harshe. Narambaɗa a Isa, Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi Abubakar III, Musa Ɗanƙwairo, kowanensu ba shi kaɗai yake ba. Akwai 'yan amshi, akwai masu kiɗan kotso ko taushi, akwai sanƙira, kuma kowa da iyalinsa. Gida da gona da doki da rigar salla da hatsin shekara duk daga hannun ubangida suke fitowa. Waƙarsu cike take da zambo mai zafi da habaici mai ratsa ƙashi, sai dai a duba inda kibiyar ke sauka: kan ɗan sarkin da ke harin gadon sarauta, kan hakimin da ya yi wa ubangida tsaurin ido, kan bafaden da ba ya kyauta. Zambon fada gefe yake harbi ko ƙasa, ba ya harbin sama. Iyakar abin da makaɗin fada zai iya shi ne ya yabi sarki da adalcin da yake fata ya gani, ya bar shi da kunyar cika yabon. Wannan ma wani abu ne, kuma sarakuna da dama sun ji nauyinsa, amma bai kai ga fuskantar zalunci ba.

Sukar mai mulki kai tsaye ta fito ne daga wani gida daban, gidan malamai masu rubutacciyar waƙa, waɗanda ke ci daga noma da koyarwa da fatauci. A Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo bai tsaya ga cewa sarakunan zamaninsa azzalumai ne ba. Ya jero abubuwan da sunayensu na Hausa: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwa. Bayan jihadi ya yi nasara kuma, waƙar Tabbat Haƙiƙa, wadda Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ta juya gargaɗin kan sababbin masu mulki da alƙalai masu cin hanci. Nana Asma'u ta kuma warware matsalar isar da saƙo ta hanyar 'Yan Taru, ƙungiyar mata masu neman ilimi: jaji, wato shugabarsu, za ta zo daga ƙauyensu, ta haddace waƙa, a naɗa mata malfa, ta koma ta koyar da mata a gidajensu. Abubuwa biyu da duk waƙar gwagwarmaya mai tasiri ke buƙata sun bayyana tun a nan, wato kiran cuta da sunanta, da samun mutanen da za su ɗauki saƙo ba tare da neman izinin wanda ake suka ba.

Sa'adu Zungur shi ne cikakken misalin mawaƙin da ya zama mai ja-gorancin tunanin jama'a. Ya yi karatun addini mai zurfi a gida a Bauchi, ya yi Kwalejin Katsina, ya shiga babbar kwalejin Yaba a Legas, ya koyar a makarantar kiwon lafiya a Zariya. A farkon shekarun 1940 yana cikin masu zaman muhawara a Bauchi tare da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa, zaman da hukuma ta rufe bayan tambayoyi sun fara taɓa mulkin En'e, wato hukumar gargajiya da sarki ke shugabanta, da albashin sarki. Waƙarsa Arewa Jumhuriya ko Mulukiya sau da yawa ana ambatonta kamar zagin sarakuna ce, alhali ba haka take ba. Nasiha ce mai ɗaci: ya nuna wa sarakuna abin da ya faru da takwarorinsu na Indiya, ya ce su gyara kotuna da ilimi da halin 'yan fada tun kafin guguwa ta iso, sa'annan ya tsoratar da Arewa game da rinjayen Kudu. Mudi Sipikin bai yarda ba, ya mayar masa da martani da Arewa Jumhuriya Kawai. Muhimmancin wannan musaya shi ne, an yi muhawarar tsarin mulkin ƙasa a cikin baitoci, da hujja da misali daga tarihin wasu ƙasashe, a gaban mutanen da yawancinsu ba su taɓa riƙe jarida ba. Zungur ya rasu a 1958 bayan doguwar jinya, bai ga 'yancin kai ba.

Da aka kafa jam'iyyar adawa ta NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, waƙa ta zama kayan aikin jam'iyya, kuma akwai dalilai na zahiri da suka sa haka. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, ta gwamnati ce. Rediyo na gwamnati ne. Masu karatun boko 'yan ƙalilan ne. Don haka mawaƙa irin su Gambo Hawaja da Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu suka gina waƙoƙinsu yadda za su rayu ba tare da injin ɗab'i ba. Ana ɗaukar karin da kunne ya saba da shi daga waƙoƙin wa'azi ko na dandali, a ɗora baitoci gajeru, yawanci ƙwar biyu ko ƙwar biyar, a riƙe amsa-amo guda daga farko har ƙarshe domin baiti ya riƙa jawo ɗan'uwansa a ƙwaƙwalwa, sa'annan a sa amshi na layi ɗaya ko biyu wanda taro zai kama tun a ji na biyu. A rera a wurin lacca, masu ajami su kwafa, tela da ɗan koli da direban babbar mota su ɗauke ta zuwa wani gari. Ko an kama mawaƙin, waƙar ta riga ta fita daga hannunsa.

Wurin da abin ke lalacewa shi ma sananne ne. Waƙar jam'iyya tana son tafi, kuma abin da ya fi saurin jawo tafi shi ne zagi. Mawaƙan NEPU da na NPC, jam'iyyar da ke mulkin Arewa a lokacin, duka sun zame daga maganar haraji da aikin tilas zuwa tonon asali da kafirta juna. Ga ɗan adawa wannan kuskure ne mai tsada, domin a wancan lokaci En'e ɗaya ce ke ba da izinin lacca, ita ke da 'yan doka, ita ke da kotun alƙali, ita ke da gidan yari, kuma lauya ba ya tsayawa a gaban alƙali. Baiti guda na zagin sarki ya isa a ɗaure mutum ko a yi masa bulala ba tare da an taɓa maganar harajin da ya kawo waƙar ba.

Sakamakon ma ya kamata a faɗe shi yadda yake. Duk da farin jinin waɗannan waƙoƙi, a zaɓen tarayya na 1959 NEPU kujera 8 ta samu, NPC ta kwashe 134, kuma matan Arewa, waɗanda da yawansu suka haddace waƙoƙin, ba su da ƙuri'a a lokacin. Sai a 1979, da jam'iyyar PRP ta Aminu Kano ta ci Kano da Kaduna, gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Kusan shekara talatin ke nan tsakanin baiti da doka. Waƙa ta yi aikinta na hana mutane ɗaukar haraji da wulaƙancin dagaci a matsayin ƙaddara, amma jam'iyya da ƙuri'a da sa hannun gwamna ne suka kawar da su. Mawaƙin da ba shi da wata ƙungiya a bayansa yana iya sa mutane kuka, da wuya ya sa a canza doka.

Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya bi wata hanya ta daban, kuma ana raina darasin da ke cikinta. Kayan aikinsa kuntigi ne, mai tsirkiya ɗaya, ba 'yan amshi, ba tawagar da za a ciyar. Wanda nauyinsa bai wuce wannan ba yana iya zaɓar abin da zai waƙe. Ya waƙe karen mota, ya waƙe tazarar da ke tsakanin mai akwai da mai babu, ya waƙe rikicin aure, yana shiga bakin kowane ɓangare yana kwaikwayon muryarsa. Bai kira sunan gwamna ba, don haka gidajen rediyon gwamnati suka yi ta sa shi, gwamnati ma ta karrama shi. Ribar wannan hanya ita ce isa ko'ina da daɗewa. Asararta ita ce mai laifi yana iya sauraro yana gyaɗa kai, yana ganin da wani ake.

Wannan shi ne cinikin da ke gaban kowane mai fasaha: habaici ko kiran suna. Habaici yana kare mai shi a kotu, domin mai ƙara sai ya fara amsa cewa shi ne aka siffanta. Irin wannan dabara ce masu shirin talabijin na Kwana Casa'in suka yi da suka ƙirƙiri jihar Alfawa, suka zuba mata gwamna da 'yan jarida da asibitin da ba magani. Kiran suna kuwa yana da ƙarfin da habaici ba shi da shi, amma yana buƙatar abin da mawaƙa ƙalilan ke tanada, wato hujja: wace kwangila, nawa aka ware, a wace shekara, wa ya karɓa. Dokar Penal Code da jihohin Arewa suka gada tun 1960 ta sa ɓata suna a sashe na 391 da 392, da ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, ga kuma sashe na 393 kan ƙaryar da ke cutarwa. Gaskiyar magana kariya ce idan bayyana ta na da amfani ga jama'a, amma nauyin tabbatar da ita yana kan wanda ya faɗa. Mawaƙin da ya ɗauko zargi daga Facebook ya sa a baiti ya ɗora wa kansa nauyin da ɗan jarida ba zai ɗauka ba sai da takardu a hannu.

Sai dai abin da ya faru a Kano tsakanin 2007 da 2009 ya nuna cewa habaici ma ba ya hana kamu, domin ba a cika kama mai fasaha da abin da ya faɗa ba. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta jihar a 2001, kuma daga 2007, ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta tsananta aiki tare da kotun tafi-da-gidanka. A ƙarshen 2008 aka yanke wa Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama hukuncin ɗauri. Fim ɗinsa Tsintsiya kan zaman lafiya tsakanin ƙabilu da addinai yake magana, tuhumar kuwa ta rajistar kamfani ce da sakin fim ba tare da tacewa ba. A 2009 aka haramta wasu waƙoƙi 11, aka kuma kama Aminu Ala kan waƙar Hasbunallahu, wadda addu'a ce a kan masu takura wa mawaƙa, ba ta ambaci sunan kowa ba. Tuhumar ita ce sakin waƙa ba tare da izinin hukumar ba. Amfanin irin wannan tuhuma ga mai mulki a fili yake: ba sai an karanta baitocin a kotu ba, ba sai an yi gardama kan ko gaskiya ne ba, tambaya ɗaya ce, akwai takarda ko babu. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999, mai ba da 'yancin faɗar albarkacin baki, ba ya ma samun ƙofar shiga maganar cikin sauƙi.

Haramcin bai hana waƙoƙin yawo ba, sai ma ya ƙara musu kasuwa, domin lokacin ne wayoyin hannu masu Bluetooth da katin ajiya suka cika gari, kuma ba a iya kai samame aljihun kowa. Amma a lura da wanda ya ji jiki. Mai situdiyo da aka rufe wa shago, ɗan kasuwar da aka kwashe wa faya-fayai, mai tura waƙoƙi a bakin titi, su ne suka fara ja da baya. Hukuma ba ta buƙatar rufe bakin mawaƙi idan za ta iya tsorata mutum huɗu ko biyar da waƙa ke bi ta hannunsu kafin ta fita.

Fela Anikulapo Kuti, mawaƙin Legas, ya gane wannan tun da wuri, shi ya sa ya mallaki kusan komai nasa: ƙungiyar makaɗa, gidan rawa na Shrine, wurin ɗaukar sauti a gidansa na Kalakuta. Da ba a sami wani a tsakani da za a matsa wa ba, sai aka auka wa gidan kansa. Ranar 18 ga Fabrairu 1977 sojoji kimanin dubu suka ƙone Kalakuta, aka jefo mahaifiyarsa Funmilayo Ransome-Kuti daga bene, ta rasu a shekara mai zuwa, binciken gwamnati kuma ya ɗora laifin kan sojan da ba a san ko wane ne ba. A 1984 da aka ɗaure shi, ba a ambaci waƙa ba, tuhumar fita da kuɗin ƙasashen waje ce, aka yanke masa shekara biyar, ya fito a 1986. Ko a Legas ɗin ma, takarda aka nema.

Yau tarkon ya ƙaru. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya tanadi tarar da ta kai naira miliyan 7 ko ɗaurin shekara uku kan saƙon da aka ce na cin zarafi ne ko na tayar da hankali, da lafazi mai faɗin da kusan kowace suka za ta shiga ciki. Kotun ECOWAS ta ce sashen ya saɓa wa 'yancin magana, aka yi masa gyara a 2024 aka rage faɗinsa, amma ba a daina kama mutane da sunansa ba. Hukumar NBC kuma tana iya hana gidajen rediyo da talabijin sa waƙa, kamar yadda ta yi wa waƙar mawaƙi Eedris Abdulkareem a 2025. A aikace, hukuncin da ya fi cin mai fasaha shi ne na kafin shari'a. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, amma da an kai shi, majistare na iya ba da umarnin tsarewa, wanda a dokar tarayya ta 2015 yake kai kwana 14 a karon farko kuma ana sabunta shi. A kama mutum ranar Juma'a da yamma, a sa sharaɗin beli mai wuya, ya yi mako biyu ko uku a tsare, sa'annan ƙarar ta mutu a hankali. Saƙon ya riga ya isa ga sauran.

Duk da haka, abin da ya fi rufe baki a yau kuɗi ne, ba ɗauri ba. Satar fasaha da tura waƙoƙi a waya sun kashe kasuwar faifai, wadda a da take ba mawaƙi abin da zai ci daga hannun dubban masu saye da ba su san shi ba. Abin da ya rage shi ne biki, da talla, da 'yan siyasa, kuma na ƙarshen ne ke ba da mota da gida da kujerar Makka. Ma'ana, tsarin fada ya dawo da sabuwar riga, har da zambonsa mai harbin gefe: mawaƙin jam'iyya yana iya yi wa ɗan takarar hamayya kaca-kaca ya kira wannan faɗar gaskiya. Dauda Kahutu Rarara, wanda ya yi shekaru yana waƙe Muhammadu Buhari, ya fito ya soki mulkinsa a 2023, bayan Buhari ya sauka. Ba shi kaɗai ke haka ba, nasa ne dai ya fi fitowa fili. Sukar da ke jiran ranar miƙa mulki ba ta rage wa kowa wahalar da ya riga ya sha.

YouTube ya buɗe wata ƙofa, amma ƙunƙuntarta ta fi yadda ake zato. Kafin tasha ta fara samun kuɗin talla sosai tana buƙatar mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin wata goma sha biyu, mai tasha kuma yana karɓar kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallan. Abin da masu talla ke biya kan mai kallo daga Nijeriya ko Nijar kaɗan ne idan aka gwada da na Turai ko Amurka. Sa'annan ƙa'idar kamfanin tana rage talla ko ta cire shi daga bidiyon da ke nuna gawa, jini ko tashin hankali. Wato waƙar da aka yi kan harin ƙauye, wadda aka haɗa da hotunan abin da ya faru, ita ce mafi ƙarancin kawo kuɗi, waƙar soyayya kuwa ta biya kuɗin situdiyo.

Hotunan nan ma suna da tasu matsalar, kuma a nan ne masu kyakkyawar niyya suka fi yin ɓarna. Ana ɗauko bidiyon gawarwaki ko na matan da aka sako daga hannun masu garkuwa a jera a ƙarƙashin kiɗa, ba a nemi yardar kowa ba, ba a rufe fuska ba. Matar da aka nuna za ta koma garin da kowa ya gan ta, mutumin da ya yi magana a kyamara kuma yana kwana a ƙauyen da masu kai wa 'yan bindiga rahoto ke zaune, shi kuwa mawaƙin yana Kano ko Kaduna. Wani lokaci hoton ma ba na wurin ba ne, na wata ƙasa ne ko na shekarun baya, kuma da an gano guda ɗaya na ƙarya, jami'in gwamnati ya sami abin da zai yi watsi da waƙar gaba ɗaya. Akwai kuma waƙar da ke tattara laifin a kan ƙabila guda, ta mayar da kukan waɗanda aka zalunta kiran ramuwa a kan makiyayin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne waƙar da ke lissafa wahala ba ta nuna inda ta fito ba. Yunwa, rashin tsaro, tsadar mai, sai a rufe da roƙon shugabanni su ji tsoron Allah. Ba wanda zai musa, ba kuma wanda zai ji an taɓa shi, har gwamna na iya sa a kira mawaƙin a ba shi kyauta. Masu yin aikin da gaske sukan zauna da 'yan jarida da lauyoyi da mutanen garin da abin ya shafa kafin su shiga situdiyo, su tantance wace hukuma ce ke da alhakin wane abu, domin albashin malaman firamare da rijiyar ƙauye da tura sojoji ba a hannu ɗaya suke ba. Sukan kammala rajista da takardun tacewa tun kafin fitar da aiki mai zafi, su ajiye kwafin sautin a wuri fiye da ɗaya, su bar wa wani amintacce mabuɗin tasharsu, su kuma tanadi lauya da masu tsaya musu beli waɗanda ke da takardun fili ko na aikin gwamnati a hannu, tun da irin waɗannan ne kotu ta fi nema.